Wayar da Ba Ta Yi Ƙara a Mungadi Ba

Tun da na dawo daga ƙasar Kabi abokai suka hana ni sakat. Wanda muka haɗu a masallaci sai ya ce, "Lawal, yaya hanya?" Wanda muka haɗu wurin mai shayi sai ya ce, "Ina tsarabarmu ta albasa?" Nakan yi yaƙe in ce hanya lafiya, albasa kuma sai wani jiƙon. To na gaji da wannan amsa, don ba ita ce abin da ke raina ba. Ga labarin nan na rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa.

Bari in fara da aikin da ya kai ni. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin fasaha a Kaduna, mai yin manhajar waya domin manoman albasa da masu sayenta. Sunan muƙamina furodak manaja. Innata a Funtuwa har gobe gaya wa maƙwabta take an ba ni manajan kantin kayan masarufi, ni kuwa na bar ta a haka don ya fi sauƙin bayani. Ainihin aikin shi ne in tsaya tsakanin masu buƙata da masu rubuta manhaja, in saurari kowa, sannan in ce wannan za a fara ginawa, wannan zai jira, wancan kuwa ba za a yi shi ba sam. A taƙaice dai an ɗauke ni ne in riƙa cewa a'a.

Mai kamfanin, Bashiru, ɗan Mungadi ne ta ƙasar Maiyama. Ga kaifin kai, ga taushin zuciya, amma bai iya duban idon babba ya ce ba zai yi ba. Dillalan Aliero suka ce a sa musu farashin kasuwanni, ya ce an gama. Direbobin Jega suka ce a sa musu wurin neman lodi, ya ce an gama. Mahauta suka ce ai su ma 'yan ƙasa ne, a sa shanu, ya ce an gama. Masu rubuta manhajar suka yi ta ɗora gini kan gini, har ta yi nauyin da wayar manomi sai ta yi ta juyi kafin ta buɗe, in ma ta ga damar buɗewa. Da na zo na ga abin, na ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tun kuna ku kaɗan ya kamata ka nemi irina. Ya ce, "Lokacin gani nake ɓarnar kujera ce. Ai duk mun san abin da muke yi."

Muka yanke shawarar a rage kaya. Sai dai Bashiru ya ce ba a yi wa dattijo a'a ta waya, dole a je a durƙusa a gabansa. Shi kuwa ba zai iya ba, don duk iyayensa ne. Haka tafiyar ta faɗo a kaina.

Ana gobe zan tashi, Sa'adatu, wadda ke shugabantar masu rubuta manhajar, ta kira mu ni da Bashiru ta rufe ƙofa. Ta ce tana bin tsofaffin ayyuka ne don ta ga abin da za a cire, sai ta ci karo da Maigadi. Ni ban taɓa jin sunan ba. Ashe shi ne abu na farko da kamfanin ya fara yi, kai, dominsa ma aka kafa kamfanin. A can ƙasarsu manomi kan adana albasa a rudu, wato gadon kara da itace da ake ɗagawa daga ƙasa a jibge albasa a lulluɓe da ciyawa, a jira ta yi daraja. In zafi da laima suka shige ta, sai ta ruɓe daga ciki, sama kuwa tana nan kyakkyawa. Maigadi wata 'yar na'ura ce da ake cusa bakinta cikin rudun, in zafi ya tashi sai ta sa wayar manomi ta yi ƙara. Sa'adatu ta ce tun lokacin da aka sauya wa manhajar mazauni, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da ita, don a sami wurin direbobi, igiyar da ke kiran wayar ta tsinke, ba wanda ya lura. Ta ce 'yan kaɗan ne aka kafa wa na'urar, duk sun watsar da ita in ban da mutum ɗaya.

Bashiru ya dafe kai. Mutumin nan ɗaya mahaifinsa ne, Malam Garba, kuma albasar da ya noma bana gaba ɗaya tana cikin rudu, ga damina ta kawo kai.

Na ce to ai sai ka kira shi yanzu. Ya kira a gabanmu. Na ji gaisuwa, na ji "lahiya lau", na ji "madalla", kafin Bashiru ya haɗa kalmomin da zai faɗa tsohon ya miƙa wa wani wayar. Bashiru ɗan fari ne. Mu ma a Katsina muna kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu kauri nesa ba kusa ba. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa roƙonsa komai ba, bai taɓa tuna masa alkawari ba. Bashiru ya ajiye wayar, Hausarsa ta Kaduna ta gudu ta bar shi da ta gida. Ya ce, "Lawal, bakina ya yi nauyi. In ka tahi, ka hwaɗa mai da bakinka shi buɗe rudun ga." Na ce to in fara da Mungadi mana. Ya ce Alhaji Manu, dillalin Aliero, na jirana, Ɗantani, uban direbobin Jega, kuma da an ci kasuwa zai bi lodi Kudu. Ya ce, "Baba ba ya zuwa ko'ina." Na yarda, don a lokacin ni ma na ga magana ce mai hankali.

Hanyar Gusau muka bi. Ba zan ɓata muku lokaci da ita ba, kowa ya san yadda fasinja ke yin tsit a wasu wurare, kowa na motsa baki da addu'a, sai an wuce a dawo da hira kamar ba a yi ba. Shingen jami'ai kuwa tun ina kula har na bari. A wani shingen wani ya buɗe jakata ya ga kwamfuta, ya ce mene ne aikina. Na ce furodak manaja. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ina furodak ɗin?" Mutanen mota suka kwashe da dariya, shi ma ya yi dariya ya ce mu tafi. A Sakkwato na kwana wurin wani abokin karatuna.

Da safe na shiga motar Jega. Direban ya ji Hausata ya ce, "Kai ɗan ina na?" Na ce Funtuwa. Ya buga sitiyari ya ce, "Bakatsine! Ashe bawana niɗ ɗauko. To zamna baya, gaba ta iyayengiji ta." Bakabe ne, tsakaninmu da su sai wasa. Na ce masa in dai ubangida ne shi ke tuƙa bawa, to Allah ya ƙara mana irin wannan bauta. Haka muka yi ta yi har muka wuce Tambuwal. Inda aka ce nan ne iyakar Sakkwato da Kabi ban ga komai ba sai allo da ramukan da suka sauya salo, amma direban ya ce in gyara zama na shigo ƙasar manya.

Aliero hanci ke fara saninta kafin ido. Albasa a buhu, albasa a ƙasa, albasa a kan amalanke, yara ma in suka wuce ka ƙanshinta suke yi. Alhaji Manu babban dillali ne, mai jiki da fara'a, yana zaune a rumfa waya biyu a hannu ɗaya a aljihu. Ya sa aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo fura mai sanyi wadda ban taɓa shan mai kaurinta ba. A can ba a tsinka fura kamar tamu, sai ka yi da gaske ludayi ke nutsewa. Ya ce, "Yaron ga Bashiru ɗan albarka na. Duk abin da nic ce mai, shina yi. Abin da nika so yanzu, a sa min in riƙa ganin hoton kowace mota in ta tashi da kayana."

Na zo ne in gaya masa rabin abin da aka yi masa ma za a cire. Tun daga Kaduna nake bitar maganar a zuci. Na buɗe baki, na dubi furfurarsa, na dubi ƙwaryar furar da na kusa shanyewa, sai na ji kaina ina cewa, "To Alhaji, za a duba." Ya ce madalla. Ni da na zo gyaran Bashiru, ga ni na zama Bashiru tun a zangon farko.

Ina shirin tashi sai na ji wani manomi yana ce wa Alhaji bana ruwa ya yi sammako, duk mai rudu ya buɗe ya tsince, wanda ya yi jinkiri ya sha kuka. Na tuna rudun Malam Garba. Na yi sallama da sauri, na fito ina neman mota, na taka wata albasa da ta gangaro daga buhu, sai ga ni a ƙasa, ƙafa ta lanƙwashe. Jama'a suka taru suna sannu, wani ya ce ai na yi sa'a, in dai ƙashi ne to na faɗi a garinsa. Aliero ta yi suna wajen ɗori. Aka ɗauke ni a babur zuwa wani gida, wani dattijo ya kama ƙafar ya matsa, na yi ƙarar da ban san ina da ita ba. Ya ce, "Targaɗe na, ba karaya ba. Amma kak ka taka ta yau, kak ka taka ta gobe." Alhaji Manu ya ce baƙonsa ba zai kwana ko'ina ba sai gidansa. An yi mini hidima iyakar hidima, tuwon shinkafa da miyar kifi har sai na ce ya isa, amma ina kwance ina jin ruwa na zuba a kan kwano, hankalina yana Mungadi. Na kira Bashiru na ce ya sake gwadawa. Ya ce ya aika saƙo ta wurin ƙanin mahaifinsa, Bappa Sani, an ce an ji.

Da ƙafar ta yarda na ɗingisa zuwa Jega, na iske gari ya cika ya batse, ranar kasuwa ce. Masaukin da na samu kusa da tasha yake, ɗaki ne mai fanka da ke juyawa in ta ga dama, da bokiti ɗaya da mu baƙi muke karɓa-karɓa. Na ajiye jaka na nemi Ɗantani, wanda direbobin lodi suka ɗauka uba. Siriri ne, muryarsa ta fi shi girma, yana magana da mutum uku a lokaci guda kuma kowa na samun amsarsa. Wannan karon na daure. Na ce, "Alhaji, wurin neman lodin nan ya yi wa manhajar nauyi, muna son mu ɗauke shi zuwa wani lokaci."

Ya ce, "Mi kac ce? Ci kihi tukuna."

Aka kawo gasasshen kifi mai yaji da albasa a kai. Na ci. Yana kallona har na kai ƙaya, sannan ya kira direbobi ya ce ga baƙo daga Kaduna ya zo jin kokensu. Suka yi mini zobe. Wannan ya ce a sa masa inda ake samun mai da sauƙi, wancan ya ce a sa inda hanya ta lalace, wani ya ce shi dai a sa muryar mace mai daɗi tana faɗin lodi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na tashi da "za a duba" a baki, Ɗantani ya dafa kafaɗata ya ce ashe Katsinawa ma akwai na kirki a cikinsu. Kafin in ɓalle daga hannunsu la'asar ta yi, hadari ya haɗu ta gabas, masu motar Maiyama suka ce ko na je ba mai babur da zai shiga da ni Mungadi cikin wannan ruwa. Na koma masauki raina a ɓace. A nan na gane abin da ke cin kamfaninmu, don ga shi ya ci tafiyata. Mai babbar murya shi ake fara ji, wanda ya yi kawaici kuwa kullum shi ne na ƙarshe.

Da gari ya waye na kama hanyar Maiyama, daga can na hau babur. Laka ta yi mana wanka, sau da yawa sai na sauka na ɗingisa mai babur ya tura. Bappa Sani ne ya tare ni a bakin gari, gajere mai yawan magana. Na tambaye shi ko ya isar da saƙon. Ya kawar da kai ya ce, "Na hwaɗa mai. Yac ce ya jiya," wato ya ji.

Malam Garba dogo ne, ramamme, mai magana a hankali. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi ƙafata, ya tambayi iyayena, sannan ya dubi gefe ya ce, "Kun baro mutanen Kaduna lahiya?" Na gane ɗansa yake nufi. Na ce lafiya lau, yana gaishe ku. A wuyansa akwai wata 'yar jakar fata da igiya kamar laya, ƙaramar waya mai madannai a ciki. Muna gaisawa hannunsa na kai wa gare ta yana shafawa.

Na ce ina son in ga rudun. Ya tashi ba musu, muka zaga bayan gida. Tun kafin mu isa warin ya tare ni, wari mai zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya. Rudun babba ne, an yi masa jinka mai kyau. A jikinsa ga Maigadi, an yi masa 'yar rumfa ta kara don kada ruwa ya taɓa shi, gilashin solarsa na ƙyalli, ko ƙura babu. Na ga tsumman da ake goge shi da shi a rataye kusa. Wallahi da na ga tsumman nan sai da idona ya kawo ruwa.

Na ce, "Baba, aiko ni aka yi. Na'urar nan ta daina aiki tun kafin a kwashe albasar bana. Ko rudun nan ya kama da wuta, wayar ba za ta yi ƙara ba."

Ya dubi rudun. Sannan ya ce, "Ɗana, hancina bai mutu ba. Tun ruwan hwari nij ji ta."

Na ce, "To Baba, me ya hana a buɗe?"

Bappa Sani ne ya karɓe. Ya ce ranar da aka kafa na'urar duk gari ya taru. Wasu suna yabo, wasu suna dariya, suna cewa an tura yaro boko ya dawo zai koya wa uban da ya haife shi ajiyar albasa. Shi kuwa Malam, wanda bai taɓa yabon ɗansa a gaban mutane ba, sai ya ce daga yau ya bar sa hannu cikin rudu, sai ran da waya ta kira shi. Bappa ya ce, "Kullum majalisa sai an tambaye shi, Malam, ta kira? Shi ce ba ta kira ba, albasa lahiya lau take. Ko masallaci da ita shika zuwa. Na ce mai mu buɗe, na ce mai mu buɗe ko da asuba ba wanda ag gani, yaƙ ƙiya."

Malam Garba ya ce, "Garin ga ana ɓoye buɗin rudu? In na buɗe ba ta kira ba, mi za su cewa? Albasa kowace shekara ana dasa wata." Ya gyara igiyar wuyansa. "Sunan mutum hwa?"

Can ya ce tunda yanzu an aiko mutum takanas daga Kaduna, to a buɗe, sai a ce masu abin ne suka ba da umarni. Aka kira maƙwabta aka ɗage jinka. Ta sama jawur take, mai kyau, har na fara sa rai. Da aka zurfafa hannu sai tururi ya taso. Ta ƙasa ta narke ta zama baƙin ruwa, tana bin karan gadon tana ɗiga, ƙudaje suka taso. Muka zauna muna tsinta, ni da ƙafata a miƙe, mai kyau gefe guda, ruɓaɓɓiya a kwashe a kai bayan gari. Abin da aka tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Wahalar rani guda kenan, ban-ruwa da dashe da cira, da abincin gidan na shekara. Malam Garba yana tsinta tare da mu, yana yi wa masu taimako sannu ɗaya bayan ɗaya, kamar albasar wani ce. Ba wanda ya yi dariya, amma na ga masu satar kallon na'urar.

An kawo mini tuwon gero da miyar kuka, na taɓa don kada a ce na raina, amma bai wuce mini ba. Da zan tafi Malam Garba ya ce zai taka mini. Muka fito bakin gari inda mai babur ke jira, ya miƙo mini wani ƙulli a tsumma, albasa ce 'yar kaɗan daga cikin wadda ta tsira, ya zaɓo manya. Ya ce in kai wa mutanen Kaduna, na miya. Sannan ya rage murya.

"Ɗana, abu guda nika roƙo nai gare ka. In ka koma, ka ce mai ta yi ƙara. Ka ce ni niy yi sakaci ban buɗe da wuri ba."

Tun daga Kaduna nake ɗauke da kalma ɗaya a baki. Na kasa sauke ta gaban Alhaji Manu, na kasa sauke ta gaban Ɗantani, mutanen da in an hana su abu gobe za su nemi wani. Ga mutumin da bai taɓa neman komai ba, yau ya nemi abu ɗaya tak. Na so in ce to. Wallahi na so. Amma na san in na ce ta yi ƙara, haka za ta ci gaba da zama shiru, a koma gina hoton motoci, shi kuma baɗi ya sake rataya wayar nan a wuya.

Na durƙusa duk da ciwon ƙafar, na ce, "A'a, Baba. Ku gafarce ni. Wannan ba zan iya ba."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ɗan murmusa, murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce, "Ku dai Katsinawa ba ku da kunya." Ya sa hannu ya ɗaga ni, ya ce Allah ya kai ni lafiya. Har muka sha kwana yana tsaye a wurin.

Dawowa ban ga hanya ba, ban kuma tanka wa kowa ba. Ko direban da ya gane ni Bakatsine ne ya ja ni da wasa, ya ga ba fuska ya ƙyale ni. Na isa ofis na ajiye ƙullin a kan teburin Bashiru, na faɗa masa komai, har da tsumman goge na'ura, har da roƙon da aka yi mini. Ya kwance ƙullin ya ɗauki albasa ɗaya yana juyawa. Bai yi kuka a gabana ba, ya ce in ba shi wuri, na fita na ja ƙofa. To kun ji inda tsarabar albasa ta tafi, ba taku ba ce.

Kashegari Bashiru ya tara mu ya ce a dakatar da komai, Maigadi ne farko. Da kansa ya kira Alhaji Manu da Ɗantani, ta wayar da ya ce ba a yi wa dattijo a'a da ita, ya ce musu ba za a yi ba. Alhaji Manu ya ce ba komai. Ɗantani ya yi faɗa, ya ce yaran zamani ba su da mutunci, bayan kwana biyu kuma ya kira yana tambayar yaya ƙafata. Sama ba ta faɗo ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gyaran da Sa'adatu ta yi bai ci mata yini ba. Ba wuya ce ta hana a yi shi ba duk tsawon lokacin nan, babu dai wanda aikinsa ne ya tsaya ya ce wannan ne farko. Da an sa wani a wannan kujera tun kamfanin na ƙarami, ko ba ni ba, ko wane ne, da albasar Malam Garba tana kasuwa.

Da aka gama sai gwaji. Muka kira Bappa Sani muka ce ya zare bakin na'urar daga rudun, tunda ba komai a ciki yanzu sai kara, ya kusantar da shi ga toka mai ɗumi. Muka taru a kan kwamfutar Sa'adatu muna kallo, Bashiru na tsaye a bayanmu ya harɗe hannu. Muka ga zafi ya hau, muka ga kira ya fita. Ba a ɗauka ba. Ya yi ta shiga har ya katse.

Can Bappa Sani ya kira ni yana haki, na sa wayar a fili kowa ya ji. Ya ce ya baro tokar ya ruga majalisa, ya iske mutane sun dawo daga la'asar suna zaune gindin bishiyar bedi, wayar na ta ƙara a ƙirjin Malam. Ya ce Malam bai ɗauka ba, bai kuma kashe ba. Ya ciro ta daga jakar fatar ya ɗaga sama tana ta kuka, ya bi mutanen majalisar da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kun jiya?"